Ajiyar Jirgin Ruwa a Ƙasashen Ƙanƙara: A Kai wa Dila, ko Mutum Ya Yi da Kansa?

Zancen da na kawo muku yau daga nesa ya fito, watau daga arewacin Amurka da ƙasar Kanada, inda ruwan tafki kan daskare kowace shekara har mutum ya taka bisansa da ƙafa, a waɗansu wurare ma mota ta hau ta wuce lafiya. Zance ne na masu ƙananan jiragen ruwa masu inji, da wata shawara da kan sha musu kai da zarar watan Oktoba ya kama. Shawarar ita ce: a kai wa dila jirgi ya shirya shi domin ajiyar hunturu a biya shi ladansa, ko kuwa mai jirgi ya zage damtse ya yi aikin da hannunsa?

Kada ku ɗauka mutane kaɗan abin ya shafa. Jihar Minesota kaɗai tana da tafkuna fiye da 11,000, jiragen da aka yi wa rajista a cikinta kuwa sun haura 800,000. Galibinsu ba na fatauci ba ne, na talakawan gari ne, malamin makaranta da kafinta da ma'aikacin ofis, waɗanda kan fita kamun kifi ko shan iska ran hutu. Daga Mayu zuwa Satumba ake morar jirgi. Bayan wannan sai a fid da shi tudu, ya yi wajen wata shida ko bakwai ba a taɓa shi ba.

To, me ya sa ba a jingine shi haka nan kawai? Duk wanda ya taɓa mance kwalbar lemo cikin firji har ta fashe ya san dalili. Ruwa in ya daskare ƙaruwa yake yi, wajen kashi 9 cikin 100 na girmansa, ba kuwa abin da ke tsare shi. Injin jirgi da ruwan tafki yake sanyaya jikinsa: famfo ya zuƙo, ruwan ya zaga cikin gangar injin, ya fita. In aka kashe inji, ragowar ruwa kan kwanta a lungunan ciki. Dare ɗaya na matsanancin ɗari ya isa ya tsaga gangar, ko da yake ta baƙin ƙarfe ce. Abin takaici kuwa, mai jirgi ba zai sani ba sai bazara, sa'ad da ya ta da inji ya ga baƙin mai ya koma fari kamar kindirmo, ko ya ga ruwa yana tsiyaya cikin jirgi. Gangar da ta tsage ba a cika samun gyaranta ba, sai dai sabon inji, kuɗinsa kuwa dubban daloli ne.

Aikin shirin kansa ba shi da wata gagara in an bi shi daki-daki. Akan zuba wani magani cikin tankin fetur don kada man ya lalace, gama fetur ɗin da aka fi sayarwa a Amurka gauraye yake da itanol kashi 10 cikin 100, shi kuwa itanol janyo danshi yake yi, in ya daɗe a ajiye sai ya rabu da fetur ya kwanta a gindin tanki tare da ruwa. Akan juye tsohon baƙin mai a sa sabo, a canja matatarsa. Akan fesa wani mai cikin injin don kada tsatsa ta kama shi. Akan juye man giya na ƙasa, wajen farfela. A cire batir a yi masa caji, domin batir da ya cika ba ya daskarewa da wuri, wanda ya mutu kuwa sanyi kaɗan ke fasa shi. A buɗe toshin gindin jirgi don ruwan sama ya sami mafita, a rufe jirgin. Uwa-uba, a fid da ruwan da ke cikin inji sarai.

Yanzu mu zo ga kuɗi. Dila da awa yake lissafin aikin makanikinsa, a yawancin wurare kuwa awa ɗaya ta haura dala 100 a 'yan shekarun nan. Saboda haka ko ƙaramin inji aka kai masa, da wuya mutum ya fito bai ajiye dala ɗari da wani abu ba, babban inji kuwa ɗaruruwa ne. Wannan fa kuɗin inji kaɗai ke nan. Akwai rufi, wanda akan yi da wata farar leda mai kauri da ake hura wa zafi ta ɗame jikin jirgi, ana kuwa biyansa bisa ga tsawon jirgi, ƙafa-ƙafa. In a filin dila za a bar jirgin, ga kuɗin ajiya. In jirgin yana da tankin ruwan sha da makewayi, kowanne da nasa lissafi. Mai hankali kan nemi a rubuta masa abin da kuɗin ya ƙunsa tun kafin a taɓa jirgi, don sau da yawa farashin da aka liƙa a bakin ƙofa na fid da ruwa ne kawai, ban da canjin mai.

Wanda ya zaɓi ya yi da kansa, kayan da zai saya ba su taka kara sun karya ba: maganin fetur, gwangwanin man feshi, baƙin mai da matata, man giya, giris, da galan huɗu ko biyar na ruwan hana daskarewa in injinsa na bukata. A shekarar fari zai ƙara da 'yan kayan aiki, kamar famfon zuƙe mai da abin da ake maƙala wa inji a haɗa shi da tiyo, amma waɗannan saye ɗaya ne. Tampol mai kyau kuma yakan yi shekaru, ledar dila kuwa yawanci yanke ta ake yi da bazara a zubar. Mu ƙaddara, don misali, dila ya ce dala 400, kayan kanti kuma suka tashi dala 120. Rarar ta zama 280 ke nan a shekara, cikin shekara 10 ta zama 2,800. Ladan yini guda ne, ko rabin yini ga wanda hannunsa ya faɗa. Wa zai raina wannan?

Amma a nan ne mutane da yawa kan yi kuskuren lissafi, nan kuma nake so ku kasa kunne. Sukan ɗora takardar dila a gefe guda, takardar kanti a gefe guda, su ga wadda ta fi sauƙi. Akwai tambaya ta uku da ba a rubuta a kowace takarda ba: in aka yi kure, wa zai ɗauki hasara? In dila ya yi aiki, ya ba da rasit, sa'an nan inji ya tsage, mai jirgi yana da wanda zai riƙe. In kuwa shi ya yi, ya mance toshi guda, to, tsakaninsa da aljihunsa ne. Mu ƙaddara sabon inji dala 6,000 ne. A bisa misalinmu na ɗazu, rarar shekara 20 da ɗoriya ta tafi ke nan a dare ɗaya. Kada kuma a dogara ga inshora ido rufe. Kamfanoni da yawa ba su biyan ɓarnar ƙanƙara, suna ɗaukarta sakaci ne na mai jirgi, waɗansu masu biya kuma sukan sa sharaɗi cewa lalle gwani ne ya yi aikin. Sai mutum ya karanta takardarsa tun watan Satumba.

Girman wannan haɗari kuwa ya danganta ga irin injin, iri biyu ne manya.

Na farko shi ne wanda ake ratayawa a bayan jirgi, irin wanda Ole Evinrude ya shahara da ƙerawa a birnin Milwoki tun 1909. An daina yin masu sunansa a 2020, amma ga na Yamaha da Mercury da Suzuki ko'ina. Wannan inji an yi shi yadda ruwa zai zube da kansa in aka tsai da shi a miƙe, farfela tana ƙasa. Muddin ba a bar shi a karkace ba, ƙanƙara ba ta da wurin kamawa a gangarsa. Wuri ɗaya da ake tsoro shi ne gidan giya, in ruwa ya shiga cikin mai, ana kuwa ganewa nan take in an juye man. A ganina, mai irin wannan inji da ya iya riƙe sifana, ya kuma iya karanta littafin da aka sayar masa tare da injin, ba shi da hujjar biyan dila kowace shekara.

Na biyu shi ne wanda ke zaune a cikin jirgi, wanda asalinsa injin mota ne aka gyara shi domin ruwa. Wannan kam sai a yi hattara. Toshe-toshen zubar da ruwa a jikinsa suna da dama, waɗansu a ɓoye can ƙasa inda sai da lalube, adadinsu kuma ya bambanta daga wannan inji zuwa wancan. Wani lokaci a buɗe toshi ruwa ya ƙi fita, mutum ya zaci ba kome, ashe yashi da tsatsa ne suka toshe ramin, sai an tsokane da waya. Akwai kuma wani tarko. Cikin injin akwai wata 'yar ƙofa da ba ta buɗewa sai inji ya yi zafi. In mutum ya ɗura ruwan hana daskarewa alhali ƙofar tana rufe, sai maganin ya bi ta gefe ya fita waje, ya gan shi yana zuba ja-ja ya yi murna, ruwan tafki kuwa yana nan kwance cikin ganga bai motsa ba. Har wa yau, lambar da ke jikin galan takan ruɗi mutane. An rubuta digiri 50 ƙasa da sifiri a ma'aunin Amurka, watau wajen 46 ƙasa da sifiri a namu, amma wannan ƙarfinsa ke nan in ba a surka shi ba. In ya tarar da ragowar ruwa a ciki, ƙarfin ya ragu ƙwarai. Kuma ba irin na lagireton mota ake sawa ba, don wancan dafi ne ga kifi da dabbobi, da bazara kuwa cikin tafki zai zube.

Ga mai wannan inji, shawarata ita ce ya biya dila a shekarar fari, ya roƙi a bar shi ya tsaya ya ga aikin, ya ƙirga toshe-toshen, ya rubuta. In bai sami wannan dama ba, ko ya san kansa mai gaggawa ne, ya raba aikin biyu: fid da ruwa ya bar wa dila ya karɓi rasit, canjin mai da batir da rufi ya yi da kansa. Nan ya rage kuɗi, hasarar da ta fi girma kuwa tana wuyan wani. Sai dai fa ba kowane dila ne gwani ba. Cikin Oktoba jirage kan yi musu yawa, layi ya yi tsawo, wanda ya makara yana iya iske ɗari ya riga shi.

Wani abin mamaki, ba a jihohin da suka fi sanyi kaɗai ake wannan ɓarna ba. Mutumin Minesota ya san abin da ke tafe, ba ya wasa. Na kudu shi ne kan ce hunturunmu ba ya kai haka, ya sa 'yar na'urar ɗumama ta lantarki kusa da inji ya tafi ya kwanta. Cikin Fabrairu 1 ga wata ba a ga kome ba a jihar Teksas a 2021, amma kafin tsakiyar watan wani ɗari mai tsanani ya sauka, wutar lantarki ta ɗauke wa miliyoyin mutane kwana da kwanaki. Na'urar ɗumama ba ta aiki ba wuta, ruwan da ke cikin inji kuwa bai san ana cikin kudu ba.

Wataƙila wani cikinku ya ce, mu da ba mu taɓa ganin kogi ya daskare ba, ina ruwanmu? Gaskiya ne, sanyin hunturunmu ba ya fasa ƙarfe. Amma injin da ke bayan kwale-kwale a Yawuri ko Baga, shi ne dai irin na farkon nan da na ambata, abin da ajiya ke yi masa kuwa ɗaya ne a ko'ina. In za ka jingine naka wata biyu ko uku, kada ka bar fetur ya kwana a kafireto har ya bushe ya zama danƙo: zare tiyon mai, ka bar injin ya ci abin da ya rage yana cikin ruwa. Kwance farfela ka duba bayanta, gama zaren kamun kifi kan naɗe a wurin ya yanke robar da ke tsare mai. Juye man giya cikin kwano mai tsabta ka dube shi da rana. In ya fito fari-fari, ruwa ya shiga, wannan kam kai wa makaniki ya canja robar tun haƙoran giya ba su ci juna ba. In ya fito da kalarsa, ɗura sabo ta ramin ƙasa har ya ɓullo ta na sama, ka toshe na sama tukuna, sa'an nan na ƙasa. Ka shafa giris a sandar farfela, ka tsai da injin a miƙe cikin inuwa, ka rufe shi saboda ƙura.