Jirgin da na ɗauka ni na ɓata shi

Yau hirar tamu daga kan teburin aikina za ta fito, don wata takwas ke nan ina fama da wani ɗan jirgin ruwa na katako, kuma ya koya mini abin da ban nema ba.

Ni dai tun ina yaro da motar kara da ta gwangwani na fara, kamar yawancinmu. Da na girma sai abin ya koma tankokin yaƙi na roba, irin waɗanda ake saye a kwali a haɗa da gam. Bara na ce bari in gwada katako. Na zaɓi Vasa, jirgin yaƙin Suwidin na zamanin Sarki Gustav Adolf na Biyu.

Tsawon ainihin jirgin mita 69 ne. Nawa kuwa sikelinsa ɗaya bisa 75, wato kowace santimita ɗaya a hannuna tana madadin santimita 75 a can. Ya kama santimita 92 ke nan. Matuƙin da zai tsaya a kansa bai fi santimita biyu da ɗoriya ba.

Aikin da ya fi cin rai shi ne rufe jiki. Za ka fara kafa haƙarƙarin jirgin, sannan ka ɗauki siraran katako, ka jiƙa su a ruwan zafi har su yi laushi, ka lanƙwasa, ka shafa gam, ka danne da allura, ka jira ya bushe. Ɗaya bayan ɗaya, hagu da dama. In ka yi gaggawa, ƙas! Ya karye. Wasu ranakun guda huɗu kacal nake iya mannawa.

To, da na kai wajen rabi sai na ja baya na kalle shi, gabana ya faɗi. Ƙasan da zai shiga ruwa siriri ne, ba zurfi, saman kuwa dogo, ga bayansa ya yi tsiri kamar bene. Na ce shi ke nan, na yi kuskuren awo. Wallahi sai da na ɓamɓare aikin mako uku, na yanka sababbin haƙarƙari masu ɗan faɗi, don ya yi kama da jirgin da hankali zai ɗauka.

Sai daga baya na zauna na karanta tarihinsa da kyau, abin da ya kamata in fara yi. Ashe awona daidai yake. Haka aka gina shi.

Ranar 10 ga Agusta, 1628, Vasa ya bar gaɓa a Sitokhom a tafiyarsa ta farko, mutanen gari sun fito kallo. Igwa 64 a cikinsa, mafi yawansu jere a hawa biyu. Bai wuce tafiyar mita 1,300 ba iska ta bugi ƙyallayensa, ya karkata, ruwa ya kwararo ta tagogin igwa na ƙasa da aka bari a buɗe. Ya nutse a gaban idon kowa, mutum wajen 30 suka mutu. Nauyi ya yi yawa a sama, kuma cikinsa ba shi da wurin zuba isassun duwatsun da za su riƙe shi a ƙasa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne an sani. Kafin tafiyar an gwada shi: aka sa mutum 30 su riƙa gudu daga wannan gefe zuwa wancan. Zuwa uku suka yi aka tsayar da su, don jirgin na neman kifewa a inda yake ɗaure. Babban hafsan ruwa Klas Fleming yana wurin. Sarki kuwa yana fagen yaƙi da Folan, yana jiran jirginsa. Aka bar shi ya tafi. Aka yi bincike bayan haka, ba wanda aka hukunta.

Kun ga ke nan ni a ɗakina, da 'yar wuƙata, na gyara abin da su ba su gyara ba. Jirgin da na fara sakewa zai fi kyau a ido, amma ba Vasa ba ne. Duk wanda ya kalle shi ba zai taɓa gane dalilin nutsewarsa ba. Na sake ɓamɓarewa, na mayar da siririn ciki yadda yake. Matata ta ce wannan jirgi sau biyu ya nutse, ɗaya a Suwidin ɗaya a falonmu.

Kuma ba mu da hujjar yin ƙarya a kansa, tunda jirgin yana nan. Ruwan tekun Baltik gishirinsa kaɗan ne, tsutsar da ke cin katako ba ta jin daɗinsa. Shekara 333 yana kwance, aka ɗago shi a 1961, aka shafe shekara 17 ana fesa masa sinadari don kada ya tsattsage in ya bushe. Yanzu yana gidan tarihinsa a Sitokhom, kusan dukkan katakon na asali ne. A gefensa akwai samfurinsa mai sikelin ɗaya bisa 10, an yi masa fenti.

Fentin ma wani labari ne. An daɗe ana zana shi da shuɗi da ruwan zinare, har masu bincike suka duba ragowar fentin da ke jikin katakon suka ga ja ne, gumakan da aka sassaƙa a jikinsa kuma kala-kala masu ɗaukar ido. Ni kuwa na riga na sayi shuɗi kwalba biyu. Suna nan, duk mai so ya yi magana.

Yanzu saura igiyoyi, kuma an ce mini nan ne ake kuka na gaske. In akwai wanda ya taɓa ɗaura zare a sikeli irin wannan, don Allah ya faɗa mini kaurin da ya yi amfani da shi.