Ciwon Sikila Da Littafin Da Muka Gada: Jawabi A Taronmu Na Jabi

 

Mu 'yan kasuwa ne, ba likitoci ba, amma mun san littafin lissafi, mun kuma san yadda kuskuren lamba ɗaya ke cinye uwar kuɗi. To, masana sun tabbatar kowane ɗan Adam na ɗauke da wani littafi a ƙwayoyin jikinsa, kwafi ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Haruffansa iri huɗu ne kacal, amma jerinsu a kowane kwafi ya kai wajen biliyan 3. A 1990 masanan Amurka da Ingila da wasu ƙasashe suka haɗu don karance shi, suka sanar da kammalawa a 2003.

Me ya kawo wannan magana Jabi? Amosanin jini, wato sikila. Harafi ɗaya tak ne ya sauya a littafin nan, sai ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi, yaro ya kwana yana kukan ƙashi. Ba maita ba ce, ba kuma sammu ba ne. Sannan yaro ba ya zama SS sai ya karɓi harafin daga ɓangare biyu. Saboda haka maigidan da ya kori matarsa wai jininta ne ba shi da kyau, ya sani rabin abin daga gare shi ya fito.

A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da ciwon a Nijeriya kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. Ku ƙirga mu a ɗakin nan.

A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da wani magani mai suna Casgevy. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin mara lafiya, a taɓa wani wuri a littafin, a mayar masa, sai jikinsa ya koma yin irin jinin da jariri ke yi a cikin uwa, wanda ba ya lanƙwashewa. Ikon Allah ke nan. Sai dai farashin da aka sa masa a Amurka dala miliyan 2.2 ne. Ko mun haɗa jarin kasuwar Utako da na tashar Jabi, yara nawa za mu yi wa? Abin da ya fi kusa da mu shi ne ƙwayar haidiroksiyuriya, wadda bincike a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya nuna tana rage wa yaran nan haɗarin shanyewar jiki.

Amma abin da ke hannunmu yau shi ne gwaji. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa SS. Ba layi ba ne, don Allah a gane wannan. Kada wani ya ce zai haifi uku ya tsaya. Na fari ma yana iya zuwa da shi, na biyu ya biyo.

Jihar Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024. Dokar ta yi, amma matsalarmu lokaci ne. Yaranmu suna nan Abuja, auren yana can gida, galibi na zumunci. Sai an kai lefe, an sa rana, sannan a tuna da asibiti. A lokacin wa zai iya kallon yayansa ya ce a fasa? Nan ne kunya ke sa a rufe ido, wani ma ya nemo takardar bogi.

Shawararmu ga kwamiti ita ce, a yi wa 'ya'yanmu gwajin tun suna Islamiyya, a asibitin gwamnati, a maimaita shi don tabbatarwa, takardar ta zauna hannun iyaye ba a ofishin ƙungiya ba. Yarinya AS lafiyarta ƙalau, in ta auri AA ba za su haifi SS ba, don haka kada a mayar da ita abin nuni. Muna roƙon a sa wannan a ajandar taron wata mai zuwa, a kuma gayyato mana likita.