Mulkin Turawan Ingila a Indiya

Da fatauci Turawan Ingila suka shiga Indiya. A 1600 Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta ba Kamfanin Gabashin Indiya izinin cinikin kayan yaji da yadudduka. Sannu a hankali kamfanin ya gina ganuwa, ya ɗauki sojoji, ya fara tsoma baki a rigingimun sarakuna.

A 1757 Robert Clive, jagoran sojojin kamfanin, ya ci Nawab, wato sarkin Bengal, da yaƙi a Plassey, bayan Mir Jafar, kwamandan Nawab ɗin, ya ci amanarsa. A 1765 kamfanin ya karɓi ikon tara haraji a Bengal da Bihar da Orissa.

A 1857 sojojin Indiya da ke yi wa kamfanin aiki suka yi bore. Abin da ya tunzura su shi ne harsashin sabuwar bindiga, wanda aka ce an shafa masa kitsen saniya da na alade, kuma sai soja ya gatsa shi da haƙori kafin ya ɗura. Hindu da Musulmi duk suka ga an taɓa addininsu. Bayan an murƙushe boren, gwamnatin Ingila ta karɓi mulki kai tsaye a 1858.

Talakawa sun ɗanɗana kuɗarsu. A 1919 sojoji suka buɗe wa taron jama'a wuta a Amritsar, ɗaruruwa suka mutu. A 1930 Gandhi, jagoran masu neman 'yanci, ya taka da ƙafa zuwa bakin teku a Dandi, ya ɗebi gishiri don karya dokar harajin gishiri. Yunwar Bengal ta 1943 ta halaka miliyoyi. A Agustan 1947 aka raba ƙasar gida biyu, Indiya da Pakistan, cikin zubar da jini, kowacce ta sami 'yancinta.