Baƙar Masara da Karan Dafi: Maganin Nesa da na Gida



Tun da fari ya kamata in faɗi iyakata. Ni malamin Hausa ne, ba likita ba, ba kuma malamin gona ba. Abin da ya kawo ni ga wannan batu kalma ce guda wadda na lura tana neman ɓacewa daga bakin yaranmu, wato karan dafi. Kwanan baya na tambayi ɗalibaina ma'anarta, sai kaɗan daga cikinsu suka iya amsawa. Amma da na ambaci masarar nan mai launin shunayya, wadda ake tallar garinta a wayoyin hannu ana cewa maganin kowace cuta ce, sai na ga da yawa sun san labarinta. Wannan shi ya sa na ga ya dace mu jera su biyun mu duba.

Bari mu fara da baƙuwar. Masara dai asalinta ƙasar Meziko, inda aka fara nomanta kusan shekara 9,000 da suka wuce, ba ta kuwa iso ƙasashenmu ba sai bayan shekara ta 1500. Irin da muke magana a kai ya fi yawa a ƙasar Peru, cikin duwatsun Andis. Ƙwayarsa da totuwarsa duk shunayya ne, har suna neman komawa baƙi. Mutanen can sukan tafasa ta da ɓawon abarba da kanumfari da kirfa, su tace, su matsa lemun tsami, su sha da sanyi. Lokacin da nake karatu a ƙasar waje wani abokina mutumin can ya ba ni na kurɓa, na ce masa, "Ai wannan zoɓo ne!" Ashe ban yi nisa da gaskiya ba, domin sinadarin da ke ba ta launi, wanda masana ke kira antosayanin, danginsa ne ke rina zoɓonmu.

Masana sun gwada wannan sinadari a ɗakunan bincike da kuma jikin ɓeraye, sun ga yana rage kumburi, yana kuma taimakawa wajen hawan jini da yawan sukari. Gwajin da aka yi a kan mutane kuwa kaɗan ne. Saboda haka abinci ce mai kyau, amma wanda duk ya ce muku tana warkar da ciwon sukari ko ciwon daji, to, ya faɗi abin da bincike bai faɗa ba.

To, mu dawo gida. Dawa tamu ce tun asali, gama a gabashin Sudan aka fara nomanta fiye da shekara 5,000 da suka shige. Bahaushe ya raba ta iri-iri, kowane da sunansa: ga farfara, ga kaura, ga janjari, ga takanɗa ta sha. Karan dafi shi ne wanda ba a shuka shi don tsaba. Abin da ake so gare shi shi ne ɓawon nan da ke lulluɓe da kara, wanda in ya nuna yakan yi ja wur, har ya sirka da baƙi. Ina yaro a ƙauyenmu, tsakanin Wurno da Rabah, kunya biyu ko uku kakana ke ware masa a gefen gona. In kaka ta yi a ɓare shi, a shanya, a ɗaure dami-dami, a kai kasuwa.

Amfaninsa na farko rini ne. Majemi ya jeme fatar jar akuya da bagaruwa, sa'an nan a daka karan dafi, a jiƙa da ruwan toka, a shafa. Wannan jar fata ce a da ayarin raƙuma ke ƙetare Sahara da ita, Turawa su saye ta a hannun fataken Arewacin Afirka, su riƙa kiranta fatar Maroko, alhali kuwa da yawanta daga ƙasar Hausa ta fito. Da shi kuma mata ke rina kaba ta tabarma da faifai. Tun daga 1856, da aka ƙago rini na kanti a Ingila, kasuwar rini irin na tsiro ta fara ja da baya a duniya. Mu ma da garura ta iso, dukawa da yawa suka koma mata don sauƙinta.

Na biyu abinci. Wanda ya je Gana ya ci shinkafa da waken nan mai ja da suke kira wace, to, ganyen wannan dawa ne ya rina ta, sunan ma daga kalmarmu ta wake ya samo asali. A Jamhuriyar Benin kuwa da shi ake rina cukun Fulani.

Na uku magani. Iyayenmu mata sukan jiƙa shi ko su dafa, su ba maijego ko wanda ya tashi daga jinya, wai don ƙarin jini. Masana sun sami sinadari a cikinsa mai suna afijeninidin, ɗan'uwan na baƙar masara, wanda ma ya fi shi jure zafin wuta. Daɗin daɗawa, a shekarun 1990 Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Abuja ta haɗa maganin amosanin jini mai suna Niprisan, bisa wani haɗi da ta karɓa daga mai maganin gargajiya. A cikinsa akwai masoro da kanumfari da itacen wani dangin maɗobiya da ganyen dawa. Gwajin da aka buga sakamakonsa a 2001 ya nuna yana rage yawan tashin ciwon.

A nan sai in ja kunnenmu. Jan ruwa ba jini ba ne. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a 1984 noman rani ya bunƙasa a fadamar Rima, amma inda ruwa ya kwanta, nan sauro da tsargiya ke samun wurin zama, su ne kuwa manyan masu shanye jinin yara da mata masu ciki. Uwar da ta ga tafin hannun ɗanta ya yi fari, ta tsaya ba shi jiƙon karan dafi mako biyu ba ta kai shi asibiti ba, tana iya rasa shi. A sha jiƙo, amma a nemi sanadin cutar.

Jama'a, wannan hali na bincike ba baƙonmu ba ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, kabarinsa kuma yana can, ya rubuta littattafai a kan magani, har da na basir da na amfanin filasko. Bai raina abin da ke tsirowa a ƙasarsa ba, bai kuma karɓe shi ido rufe ba.

Saboda haka ina da roƙo uku. Ɗalibai, in kun je hutu ku zauna da majema da dukawa da ungozomomi, ku rubuta sunaye da yadda ake haɗi, tun masu sanin suna da rai. Malaman gona na Wurno da Rabah da Goronyo, ku nemi irin nan wurin tsofaffin manoma ku adana, domin iri in ya shekara da yawa ba a shuka shi ba, ya tafi ke nan. 'Yan'uwana malaman kimiyya kuma, ku auna mana shi, ku gaya mana nawa ne ke da amfani, nawa ne ya yi yawa.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Gaskiya ne, amma sai an san inda aka ajiye ta.