Ka zo kasuwa da kwandonka

Jawabin da wani ma'aikacin kula da bisashe ya yi wa jama'a ranar kasuwa

Iyayena da ƴan uwana, manoma da makiyaya, maza da mata, barkanku da kasuwa.

Ba zan tsaida ku da yawa ba. Maganata a kan leda take.

Ku dubi ƙayar da ke bakin kasuwar nan. Baƙar leda ta rataya ko'ina. Yau da marece, in kasuwa ta watse, awaki da tumaki za su shigo kiwo. Ledar da aka ƙulla gishiri, ko ƙuli-ƙuli, ko ƙosai, tana ƙanshin abinci. Sai akuya ta haɗiye ta.

Leda ba ta narkewa cikin tumbi. Dunƙulewa take yi, ta cika shi. Bisa ta rage ci, ta rame, nono ya ragu. Mai ita ya sayi dusa, ya sayi magani, duk a banza. Ku tambayi mahauta abin da suke fiddawa daga cikin tumbi in sun yi fiɗa. Kun san akuya ita ce asusun mace a ƙauye. Da ita ake sayen hatsi in rumbu ya ƙare. Da ita ake kai yaro likita.

Ɓarnar leda ba ta tsaya ga bisashe ba. Muna kwasar juji mu kai gona don taki, leda na ciki. Tana shekara da shekaru cikin ƙasa ba ta ruɓe ba. Tana tare ruwa, tana tare saiwar gero. Da damina kuma tana toshe hanyar ruwa cikin gari. Ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa, masassara ta kama yara. In an ƙone ta, hayaƙinta yana cutar ƙirji.

Saboda haka ne ranar 5 ga watan Nuwamba na shekarar 2014 aka kafa doka a Nijar. Dokar ta hana yin irin wannan leda maras kauri, da shigo da ita, da saida ta, da aiki da ita. Ƙasar Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya kuma a 2017. Amma ga ta nan cikin kasuwarmu har yau. Muddin muna miƙa hannu muna karɓa, ba za ta ƙare ba.

Iyayenmu sun ci kasuwa ba da leda ba. Suna da kwando, da ƙwarya, da gora. A Gulbin Kaba, wajajen Mayahi, har yanzu ana saƙa da kaba. Wanda ya sayi kwandon kaba, kuɗinsa ya shiga hannun ɗan uwansa. Sai dai a yanki kaba da hankali, kada a kashe goriba.

Ku da kuke karatun yaƙi da jahilci, ga lissafi. Shekara tana da mako 52. In kowace kasuwa ka sayi ledar dala 5, ka kashe dala 260 a shekara, wato jikka ɗaya da dala 60. Ku gwada wannan da kuɗin kwando guda.

Ga abin da nake roƙon ku:

1. Kowa ya zo kasuwa da kwandonsa ko jakarsa. Tela yana iya ɗinka jaka da tsohon zane ko tsohon buhu.
2. Mai sayen fura, ko koko, ko mai, ya zo da kwanonsa ko kwalbarsa.
3. Mai saidawa ya tambaya: “Ina jakarka?” kafin ya ɗauko leda.
4. Ledar da ta riga ta shigo gida, a tara ta wuri ɗaya inda bisa ba ta kai baki.
5. Sarkin kasuwa ya sa a tsince leda kafin bisashe su shigo.

Wanda ya ji, ya faɗa wa wanda bai zo ba. Kasuwa mai zuwa zan tsaya nan bakin ƙofa in ƙirga kwanduna.

Allah ya kiyaye mana dukiyarmu, ya ba mu damina mai albarka.