Wa ke rufe iyaka, wa ke biyan kuɗin? Lacca kan hanyar Kano, Damagaram da Agadas

 

Maganar yau ta shafi abubuwa huɗu da mahukunta suka saba rarrabawa, kowanne da ministansa: tsaron iyaka da sha'anin 'yan ci-rani, ciniki, aikin yi, da hulɗa da ƙasashen waje. A Yamai ana iya raba su a kan takarda. A Damagaram kuwa hanya guda ce ta ɗauke su duka, wadda ta taso daga Kano, ta ratsa Matamaye ko Magariya, ta shigo Zango, sannan ta miƙe Tanut da Agadas har bakin iyakar Aljeriya. Duk wanda ya taɓa hanyar nan ya taɓa tukunyar jihar da ƙidayar 2012 ta nuna ta fi kowace jiha yawan jama'a a Nijar, mutum fiye da miliyan 3 da rabi. Abin da laccar za ta nuna shi ne, tun fiye da shekara 100, a nesa ake yanke shawarar buɗe hanyar ko rufe ta, mutanen Damagaram kuma su ne masu biyan kuɗin.

Zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, Damagaram ta ƙasaita ne saboda ta tsaya a tsakiyar hanyar fatauci. Ayarin raƙuma kan taso daga Turabulus da Gadamas ya sauka a Zango kafin ya wuce Kano. Ana fita da fatu da gashin jimina, ana kuma fita da bayi, gaskiyar da bai kamata a ɓoye ba. Ana shigo da yadi da takarda da makamai. Sarki na karɓar haraji a kan kaya, shi kuma yana tsare hanya, domin ya san ayarin da aka zalunta bana ba zai dawo baɗi ba. Daga wannan ciniki ne attajirai irin su Malam Yaro suka fito.

Faransa ta ci Damagaram a 1899. Daga nan aka shiga shata iyaka tsakaninta da Ingila, a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, ba tare da an tambayi ko mutum ɗaya daga Birni ko Daura ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka koma bin teku ta Legas, ayarin hamada ya mutu. A 1926 aka ɗauke hedikwatar mulki daga Damagaram aka kai Yamai. Garin ya rasa arewa, ya rasa fada, sai ya juya fuskarsa gaba ɗaya zuwa kudu. Gyaɗa ta zama sabuwar dukiya, ana nomawa a ƙasar Magariya da Matamaye, ana kai ta Kano a ɗora wa jirgi. Har farkon shekarun 1970 ita ce kan gaba cikin abin da Nijar ke sayarwa waje. Farin 1973 da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan arziki, masana'antun matsar mai na Matamaye da Magariya suka durƙushe, kuma har yau babu wata sana'a guda da ta maye gurbinta wajen ɗaukar mutane aiki.

Tun daga nan rayuwar jihar ta rataya ga iyakar kudu. Wake da riɗi na tafiya kasuwar Dawanau, shanu da raguna na tafiya Maigatari ranar Alhamis, kayan masarufi kuma na shigowa Kasuwar Dole ta Ɗan Barto da Tinkim. Tsakanin Damagaram da Kano kusan kilomita 240 ne, tsakaninta da Yamai kuwa kusan 900. Ɗan kasuwar da ya yi asubanci zai iya yin azahar a Kantin Kwari.

Sau uku cikin shekara 40 aka datse wannan iyaka, kuma kowanne ya bar darasi. Na farko a watan Afrilu 1984, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya tana canjin kuɗi. Rufewar ta zo daidai da fari, hatsin kudu ya daina shigowa, har talakawa suka raɗa wa yunwar shekarar suna El-Buhari. Ba a buɗe ba sai a watan Maris 1986. Na biyu a watan Agusta 2019, lokacin da Abuja ta sake rufewa da sunan hana fasa-ƙwaurin shinkafa, har zuwa Disamba 2020. Na uku bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar lantarki. An janye takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, aka buɗe iyakar a watan Maris.

Duk wanda ya rayu cikin waɗannan lokuta ya ga abu ɗaya. Iyakar da tsawonta ya kai wajen kilomita 1,500, wadda ta ratsa gonaki da dangi, ba ta rufuwa da kwaɗo. Babbar mota ta tsaya, babur ya ɗauka. Buhun da ke bi ta gaban ofishin duwan ya koma bi ta daji da dare. Baitulmali ya yi asarar haraji, mai saye ya biya farashi mai tsada, kuɗin da ya kamata ya gina makaranta ya koma na goro a aljihun masu tare hanya. Babban attajiri yana da jarin da zai jure wata shida, ko ya nemi wata hanya. Mai buhu biyar, da ɗan dako, da mai tuwon tasha, su ne kan fara karyewa.

Adalci ya wajabta a faɗa cewa ba daga waje kaɗai ake datse hanya ba. A watan Oktoba 2024 hukumomin Yamai sun hana fitar da hatsi, har da wake, zuwa ko'ina in ban da Mali da Burkina Faso. A watan Mayu 2025 kuma aka dakatar da fitar da dabbobi gab da babbar salla. Hujjar ita ce a sauƙaƙa wa mai saye farashi, kuma ma'aikacin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ya san daɗin hakan. Amma manomin Dungas ba shi da mai sayen wakensa a Bamako, kasuwarsa tana Kano. Makiyayin Tanut da ya yi shekara yana kiwon rago domin kasuwar layya shi ne ya cike gurbin sauƙin da aka yi wa mutumin birni. Irin wannan mataki yana buƙatar a auna ribarsa da asararsa a bainar jama'a kafin a sa hannu.

Yanzu sai iyakar arewa. A watan Oktoba 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, 52 yara, 33 mata, 7 maza. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu 'yan ƙasar Kance ne, kan hanyarsu ta zuwa Tamanrasat neman abin kai wa baki. An yi zaman makoki na kwana uku a ƙasa baki ɗaya. Daga Disamba 2014 Aljeriya ta fara dawo da 'yan Nijar ayari-ayari bisa yarjejeniya da gwamnati, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka sauke a Matamaye sun sake komawa bayan 'yan watanni.

A watan Mayu 2015 majalisa ta zartar da doka mai lamba 2015-36 kan safarar baƙin haure. Ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10, da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5, da ƙwace mota. An fara aiki da ita da ƙarfi a 2016, bayan taron Valeta na Nuwamba 2015, inda Tarayyar Turai ta buɗe asusu domin tare baƙi tun kafin su kai teku. Direbobi sun shiga kurkuku, motoci sun ruɓe a harabar jandarma a Agadas, matafiya kuma suka koma bin hanyoyin da babu rijiya, inda mutuwa ba ta da mai ƙirga ta. Akwai kuma wani saɓani da masana shari'a suka nuna tun farko: yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba kowane ɗan ƙungiyar 'yancin shiga Nijar ba biza har kwana 90, alhali dokar ta sa direban da ya ɗauke shi zuwa arewacin Agadas cikin haɗarin ɗauri. Ranar 25 ga Nuwamba 2023 Janar Abdurahamane Tiani ya soke dokar, ya kuma shafe hukuncin waɗanda aka ɗaure a kanta.

Masu goyon bayan dokar suna cewa ta rage masu cin amanar matafiya. Masu adawa suna cewa an rubuta ta ne domin kwanciyar hankalin Turai. Dukansu sun bar tambaya ɗaya a ƙasa: me ya sa macen Kance ke goya jariri ta nufi hamada? Ba ta taɓa mafarkin Italiya ba. Tana tafiya ne saboda gonar gado ta tsuke, an raba ta tun daga kaka har jikoki, abin da aka girbe ba ya kai wata huɗu, rani kuma wata takwas ne. An kafa dokar ba ta daina tafiya ba, an soke dokar rumbunta bai cika ba. Aljeriya kuma ta ci gaba da zubar da mutane a bakin iyaka, su tako kilomita 15 da ƙafa zuwa Asamaka, fiye da 30,000 a shekarar 2024 kaɗai bisa ƙidayar ƙungiyar Alarme Phone Sahara. Ruwa ba ya tsami banza. Maganar ci-rani maganar aikin yi ce.

To ina aikin? Matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a Nuwamba 2011, wajen kilomita 50 arewa da gari, tana tace ganga 20,000 a rana, kashi 60 na kamfanin CNPC na ƙasar Sin, kashi 40 na Nijar. Abin alfahari ce, amma matata na'ura take buƙata fiye da hannu, ba za ta ɗauke samarin Kara-Kara da Garin Malam ba. Ko waɗanda ta ɗauka sun daɗe suna kukan tazarar albashi tsakaninsu da baƙi, kuma wannan na cikin dalilan da gwamnati ta bayar a Maris 2025 da ta kori manyan jami'ai uku 'yan Sin na kamfanonin mai. Shekara da shekaru sana'ar da ta fi ɗaukar matasa ita ce sayar da man ruwa-ruwa a kwalabe, wadda ta dogara ga tallafin man Najeriya. Ranar 29 ga Mayu 2023 Bola Tinubu ya janye tallafin da jimla guda, ribar sana'ar ta narke. Shi ma layin dogon da aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021, mai tsawon kilomita 284, an tsara shi ne ya bi Kazaure da Daura da Katsina ya ƙare a Maraɗi. Zai ratsa Daura, kusa da Matamaye, ya wuce. Idan 'yan kasuwar Damagaram ba su nemi yadda za su haɗu da shi ba, abin da ya faru a 1911 zai sake faruwa.

Ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata. A ranar ƙungiyar ta ce za ta ci gaba da amincewa da takardun tafiya na 'yan ƙasashen uku, da barin mutane da kaya su wuce, har sai ta sanar da wani abu dabam. Ke nan 'yancin da a da yarjejeniya ta tsare ya koma alfarma, alfarma kuwa mai bayarwa ke da ikon janye ta. Kowace ƙasa na da haƙƙin zaɓen ƙawayenta, amma maƙwabci ba a zaɓensa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka akwai buƙatu huɗu da ya dace 'yan kasuwa da ma'aikata su haɗa baki a kansu. Na ɗaya, a rubuta yarjejeniya tsakanin Nijar da Najeriya kan zirga-zirgar mutane da kaya, wadda rikicin siyasa ba zai taɓa abinci da magani a cikinta ba. Hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu, da aka kafa a 1971 mai mazauni a Yamai, domin irin wannan aka yi ta. Na biyu, kafin a hana fitar da wake ko dabba, a zauna da manoma da makiyaya da dillalai na jihohin bakin iyaka, a kuma faɗi ranar da hanin zai ƙare. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zubar masa. Na uku, a liƙa kuɗin fiton kowane kaya a bangon ofishin duwan, da Hausa da Faransanci, a ba da rasiɗi, a rage shingayen hanya. Wannan zai kare ɗan kasuwa, ya kuma kare mutuncin ma'aikaci mai gaskiya da ake yi wa kallon ɓarawo saboda laifin wani. Na huɗu, kuɗin da ake kashewa wajen tare mutane da dawo da su a karkata rabonsa zuwa fadamun Korama, inda ruwa ke kusa kuma rake da kayan lambu ke yi, da matsar man riɗi da gyaɗa, da jimar fatu, sana'ar da Damagaram ta yi suna a kanta tun zamanin sarakuna.

Ma'aikaci ya tuna albashinsa daga harajin ɗan kasuwa yake fitowa. Ɗan kasuwa ya tuna buhun da ya bi ta daji ya rage kuɗin asibitin da zai kai ɗansa. Idan suka zauna kowa na zargin ɗan'uwansa, za a ci gaba da yanke shawarar hanyarsu a Abuja da Aljas da Burusel da Yamai, su ji a rediyo kamar kowa.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya kai matafiya gida lafiya. Wassalamu alaikum.