HUTU A KARKARA: ABIN DA MUKA BARO A GIDA, MUKE BIYAN KUƊI MU SAMU A WAJE

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu, reshen Kaduna, a Unguwar Nasarawa)

 

Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ɗora mini nauyin yin magana a kan wani abu da ake yayi yanzu a tsakanin masu hali, wato barin birni na 'yan kwanaki a je a kwana a ɗan ƙaramin ɗaki a karkara domin a huta. Wani zai ce wannan zancen 'yan gayu ne, ina ruwan ƙungiyar raya gari da shi? Ina roƙon a yi mini haƙuri har in kai ƙarshe, domin maganar ta shafi gidajen iyayenmu da kuma makomar 'ya'yanmu.

Mene ne wannan yayi?

A Ingila da Amurka akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan. Sukan kafa ɗan ɗakin katako a gefen daji ko bakin tafki, nesa da maƙwabta, su sa masa gado ɗaya, tebur ɗaya, ɗan murhu, da babbar taga mai kallon itatuwa. Babu talabijin. A wasu wuraren ma har da akwatin da baƙo zai kulle wayarsa a ciki tsawon kwana 3. Kayan kaɗan ne, amma kowanne mai inganci, kuma kuɗin kwana yakan kai na babban otal. Abin da ake sayarwa a nan shi ne shiru, da iska mai kyau, da duhun dare wanda ake ganin taurari a cikinsa.

Jama'a, wanda ya tashi a garinmu ya ji wannan bayani, ai sai ya yi murmushi. Wannan shi ne kwatancin ɗakin kakansa.

Abin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa

Tun kafin zuwan Turawa sarakunanmu suna da gidaje a wajen birni. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi zama mai tsawo a Wurno, can ya rasu a 1837, can kuma kabarinsa yake. A Fanisau ne Baturen nan Kilafatan ya je ya gaida Sarkin Kano Ibrahim Dabo a 1824. Asalin waɗannan wurare ribaɗi ne na tsaron ƙasa, amma sun koya wa masu mulki cewa ba kullum ake zama cikin ganuwa ba. Attajirai da malamai su ma suna da gidan gona, inda sukan tare da damina har a kai amfanin gona rumbu.

Da Turawa suka zo, sai suka gina bariki a gundumomi, ɗakin ƙasa mai rufin ciyawa a bayan gari, inda Di'o yake sauka idan ya fito rangadi. Bayan samun 'yancin kai gwamnatoci suka ɗora a kai. An buɗe dajin Yankari ga masu ziyara a 1962, da ɗakunan kwana a sansanin Wikki, kusa da maɓuɓɓugar nan da ɗumin ruwanta yake tsayawa a ma'aunin zafi 31 rani da damina. A zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka yi madatsun ruwa na Tiga da Bagauda, aka kuma gina masaukai a bakinsu. A nan kusa da mu akwai gidan dutse na Kajuru, wanda wani Bajamushe mazaunin Kaduna ya gina a shekarun 1980, da kuma filin wasan folo na Fifth Chukker kusa da madatsar Kangimi a hanyar Jos, inda manya suke zuwa hutun ƙarshen mako.

Me ya sa mu ne muka fi bukata?

Yawancin iyayenmu da suka sauka a wannan unguwa aikin masaƙa ne ya kawo su. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, UNTL ta biyo baya a shekarun 1960, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975. Ma'aikacin wancan lokaci yana da hutun shekara, kuma da an ba shi hutu sai ya kwashi iyali ya nufi gida, ya gyara katangar mahaifinsa, yara su san 'yan'uwansu. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe ƙofa a 2007. Da aikin albashi ya ƙare, hutun shekara ya tafi tare da shi. Yau mai shago da ɗan acaɓa da ƙaramin ɗan kwangila ba su da ranar hutu. Dare ya yi ga ƙarar janareta, gari ya waye ga hayaƙin manyan motoci a kan titin bayan gari. Likitoci sun daɗe suna gargaɗi cewa rashin barci da yawan damuwa suna cikin abubuwan da ke haddasa hawan jini, kuma kowa a zauren nan ya san wani da ciwon ya kwantar.

Akwai hasara ta biyu wadda ta fi wannan ciwo. Muna da 'ya'ya da jikoki da aka haifa a Kaduna, Abuja da Ikko, waɗanda ba su taɓa kwana a garinmu ba. A shekarun da na yi ina shugabantar makaranta na sha tambayar yaro sunan garinsu ya faɗa daidai, in tambaye shi sunan unguwar kakansa ya yi shiru. Wanda bai san wuri ba, ba zai ba da kuɗin gina asibitinsa ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Idan ka tambayi ɗan birni dalilin da ya hana shi kai iyalinsa gida, amsar ba ta wuce uku: babu wurin kwana mai tsabta, babu ruwa da makewayi, sannan akwai tsoron hanya.

Maganar tsaro

Ba zan ɓoye ta uku ba. A watan Afrilun 2019 'yan bindiga sun kai hari gidan dutse na Kajuru, suka kashe baƙi biyu, ɗan Nijeriya da wata 'yar Ingila ma'aikaciyar agaji. A ranar 28 ga Maris, 2022, aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari. Irin waɗannan abubuwa sun sa mutane da yawa sun ɗauke ƙafa daga karkara. Darasin da ke ciki shi ne, ɗakin da ya keɓe a tsakiyar daji irin na Turai bai dace da halin da muke ciki ba. Namu masauki dole ya zauna a gefen gari, inda ake jin kiran salla, inda mai unguwa ya san wanda ya shiga da wanda ya fita. Maƙwabci nagari ya fi doguwar katanga.

Shawarata ga ƙungiya

Na farko, mu roƙi Hakimi fili a gefen fadama, mu gina ɗakuna 4 da zaure ɗaya. Kada mu fara da bene.

Na biyu, a yi ginin da tubali da azara, a shafe shi da makuba, a sa indararo masu kyau. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye zafin rana, ba ta sakinsa sai dare ya yi sanyi, shi ya sa soro yake da sanyi a watan Afrilu alhali ɗakin bulo mai rufin kwano ya zama tanda. Kada kowa ya ji kunyar ginin ƙasa. Da ƙasa Babban Gwani Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, kuma masallacin ƙasa na garin Yama a Jamhuriyar Nijar ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gini a 1986. Idan muka ba maginanmu na gargajiya wannan aiki, samari za su koya kafin sana'ar ta bi tsofaffi kabari.

Na uku, inda za mu kashe kuɗi sosai shi ne rijiyar burtsatse, makewayi na zamani, wutar sola, katifa mai kyau da gidan sauro. Famfo ɗaya kuma a fitar da shi waje domin mutanen unguwa, saboda bai kamata baƙo ya yi wanka da ruwan famfo maƙwabcinsa yana shan na kududdufi ba.

Na huɗu, kowa ya kwana ya biya, ko shugaban ƙungiya ne. A raba kuɗin gida uku: albashin mai kula da gida, yaɓe da gyara kafin kowace damina, da asusun tallafin ɗalibai. Masaukin Bagauda da gwamnati ta kashe wa dukiya bai ɗore a matsayin otal ba, yau reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ne ke wurin. Ginawa ba ta da wuya kamar riƙewa.

Na biyar, kowane mamba ya yi alkawarin kai iyalinsa gida kwana 3 a shekara, ban da zuwan biki da ta'aziyya. A ajiye waya, a kai yara gona da kasuwa, a zauna da tsofaffi su ba da tarihi tun suna da rai.

Kammalawa

'Yan'uwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina roƙon shugaban taro ya sa a naɗa kwamitin mutum 5 kafin mu tashi, a haɗa da magini ɗaya da mace ɗaya aƙalla, su kawo mana kiyasin kuɗi da bayanin fili a taro mai zuwa.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan iyayenmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.